Daskararren zoɓo don zafin bazara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda Maris ya kama, zafin Kaduna ya fara gasa mu, ga wata dabara ga masu son zoɓo mai ƙanƙara a gida.

Kada ku zuba ƙanƙarar ruwa a cikin zoɓon ku markaɗa, tana narkewa sai ya tsinke ya yi salam. Zoɓon kansa za a daskarar. A dafa kofi 2 na busasshen zoɓo a ruwa lita 2, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa sukari tun da zafinsa. Ku ɗan ƙara sukarin fiye da yadda kuka saba, domin sanyi yana danne zaƙi a harshe, kuma sukari ne ke hana shi yin tauri kamar dutse. In ya huce a ɗura a ƙananan ledoji, a kwantar da su a firiza su yi fale-fale, sun fi saurin kamawa, musamman a unguwar da wuta ba ta zama.

Idan za a sha, a farfasa leda 2 a bilenda, a matse lemon tsami ɗaya, a jefa ganyen na'a-na'a kaɗan da rabin kofi na zoɓon da bai daskare ba. A riƙa kunnawa ana kashewa, kar injin ya ƙone.

Wasu na sa kankana, ni dai na fi son kokwamba. Lemon tsamin kuwa sai a ƙarshe, in ya kwana a ciki ɗaci yake yi.