Yadda Nake Yin Khal da Ɓawon Abarba a Aboabo

Sana'ata sobolo ce, wato zoɓo, a nan Aboabo cikin Kumasi, kuma duk wadda ta san wannan sana'a ta san abarba ba ta yankewa a gidanmu. Wani ɓawon yana shiga tukunyar sobolo, sauran kuwa na yi shekaru ina kai shi bola. Wata rana wata tsohuwa da muke gidan haya ɗaya ta gan ni ɗauke da roba cike da ɓawo, ta ce, "'Yata, khal kike zubarwa, kuma gobe ki je kanti ki saya da kuɗinki." Na ce, "Iya, khal a cikin wannan?" Khal dai shi ne binega, ruwan nan mai tsami da ake sa wa abinci. Ta ce in ajiye robar. Ita ta ɗora ni a hanya, sauran na koya da hannuna, har da asarar da zan faɗa miki a gaba.

Abarbar da na fi so ita ce shugalof, mai tsini, koren ɓawo da farin ciki, wadda ake kawowa daga wajen Ekumfi da Mankessim. Zaƙinta ya fi, kuma zaƙi ne jarin wannan aiki. Mai ruwan ɗorawa irin ta wajen Nsawam ma tana yi. In kin je kasuwar Kejetia ki zaɓi nunanniya mai ƙamshi a gindi, ki guji wadda ta fara ruɓewa. Kafin ki fere ta, ki wanke ta da ruwa da buroshi, ban da sabulu, ban da ruwan zafi. A jikin ɓawon nan ne yis ɗin da zai yi miki aiki yake zaune, in kin ƙona shi kin kashe ma'aikatanki tun kafin su fara.

Ga ma'aunina. Ɓawon babbar abarba ɗaya, haɗe da sandar nan ta tsakiya mai tauri, a yanka ƙanana. Ruwa lita 1, wato leda biyu ta piya wata, tunda kowace rabin lita ce. Sukari babban cokali 8, kimanin giram 100. Kada ki yi ƙwauron sukarin, domin shi ne zai koma tsami a ƙarshe, kuma in ya yi kaɗan ruwa salam za ki samu, wanda ba ya jimawa yake lalacewa. In da ruwan famfo za ki yi, ki tuna ruwan da ke zuwa mana daga madatsun ruwan Barekese da Owabi ana sa masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda zai iya kashe yis ɗin ma. Ki tafasa shi ya huce sarai, ko ki bar shi a buɗe ya kwana.

Mazubi kuwa kwalba mai faɗin baki, ko ƙaramin bokitin roba irin na abinci. Tukunyar dalma da duk wani ƙarfe ki ajiye su gefe, tsami yana cin su ya ɓata ɗanɗano. Ki narkar da sukarin a ruwan, ki zuba ɓawon, ki bar sarari kamar faɗin yatsu huɗu a sama saboda kumfa. Ki danne ɓawon da ƙaramin faranti na tangaran ya nutse. Sannan ki rufe bakin da tsaftataccen farin ƙyalle, ki ɗaure tam da zare ko roba.

Ƙyalle na ce, ba murfi ba, kuma a nan ne na yi asarata ta farko. Saboda ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace, na juye haɗin a galan na murɗe murfin. A dare na huɗu muka ji ƙara a kicin. Galan ya kumbura ya tsage, ruwan ya wanke bango, ya jiƙa mini buhun busasshen sobolo da na sayo da jarina. Na yi kuka a daren nan. Da safe tsohuwar ta leƙo ta ce, "Abu mai rai ne, 'yata, ki bar shi ya yi numfashi."

Gaskiyarta. Aikin hawa biyu ne. Da farko yis yana cin sukarin, yana fitar da iska da barasa, iskar ce ta fasa mini galan. Daga nan wasu ƙwayoyin bakteriya su karɓi aiki, su mayar da barasar ta koma tsamin khal, kuma ba sa iya yin haka sai da iskar da muke shaƙa. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yi bayanin wannan tun 1864. Saboda haka mai son giya toshe mazubinsa yake yi don kada iska ta shiga, mu kuwa buɗewa muke yi da gangan.

Na san kalmar barasa ta tsaya miki a rai, ni ma ta tsaya mini. Sai da na je wajen malamin da ke mana karatun Asabar na ce, "Allah gafarta Malam, abin nan yana bi ta hanyar giya kafin ya zama khal, ya halatta in yi?" Ya karanto mini hadisin Jabir da ke cikin Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi khal ya ce madalla da shi a matsayin mahaɗin abinci. Ya ce abin da ya juye da kansa ya zama khal halal ne, kuma wasu malamai sun so a zuba ɗan khal a ciki tun farko don ya kama hanyar tsami. Tun daga ranar nake sa cokali 3 na tsohon khal a ranar haɗi, kuma na ga yana hana funfuna. Amma ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, ni ma ina ja miki: a tsakiyar aikin nan ba abin sha ba ne. Ki ɗora shi can sama inda yara ba sa kaiwa, don ƙamshinsa a kwanakin farko yana jan su.

Ki ajiye shi a inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da murhu. A zafin Kumasi kwana biyu zuwa uku za ki ga ƙananan ƙwayoyin kumfa suna tasowa daga ƙasa, in kin kara kunne ki ji yana 'yar ƙara sii. Kullum da safe ki buɗe ki juya da cokalin katako mai tsabta, ki mayar da duk ɓawon da ya taso. Wanda ya zauna a sama yana shan iska shi ke kawo funfuna. Bayan kwana 7 zuwa 10 kumfar za ta kwanta, ɓawon ya yi laushi ya koɗe. Sai ki tace da matacin koko, ki zubar da ɓawon, ki mayar da ruwan cikin wankakken mazubi. In kina da ɗanyen khal mai rai, ki ƙara rabin kofin shayi. Farin khal na kanti ba ya da rai a ciki, ba zai zama iri ba. Ki sake rufewa da ƙyalle.

Daga nan kuma ki cire hannunki. Ba juyawa, ba girgizawa, mako uku zuwa huɗu, in lokacin hunturu ne har ya ɗan fi. Wajen mako na biyu zai iya yin wani wari mai hawa kai kamar na ruwan goge farce. Kada ki tsorata, alama ce yana kan hanya, zai wuce. Sannan wata fata za ta fara shimfiɗuwa a saman ruwan. Da fari kamar yanar madara, daga baya ta yi kauri, santsi, fari-fari kamar tsokar ɗanyar kwakwa. Ita ake kira uwar khal, bakteriyar ce ke saƙa ta. Ranar da na fara ganinta na kusa zubar da komai, ina zaton ya ɓaci, alhali ita ce shaidar ya yi. Abin gudu shi ne funfuna mai gashi-gashi, kore ko baƙi ko ruwan hoda. In kin ga wannan, kada ki kwashe sama ki ce ƙasa lafiya. Ki zubar duka, ki wanke mazubin da tafasasshen ruwa.

Ya nuna idan warin barasa ya tafi gaba ɗaya, ƙamshin tsami ya bugi hanci, zaƙi ya ɓace. Nakan ɗiga shi a kan garin kanwa in ga ya yi kumfa, amma wannan tsami kawai yake nunawa, hanci ne alƙali. In kina shakka ki ƙara masa mako guda. Da ya yi, ki tace a kwalabe, yanzu kam ki toshe da kyau da murfin roba, domin in ya ci gaba da shan iska bakteriyar nan za su juya su cinye tsamin da suka yi.

Khal na kanti tsaminsa yawanci kashi 5 cikin 100 ne, an auna shi. Namu na gida ba a auna ba, don haka ba na adana abinci na watanni da shi. Amma ina jiƙa latas da kabejin da za a ci da wakye a cikinsa kafin in ɗauraye, ina shafa wa nama da citta da tafarnuwa kafin gashi, kuma yana kashe ƙarnin kifi.

Uwar kuwa kada ki yar. Ki sa ta a ƙaramar kwalba da khal ɗin da zai rufe ta, ki jefa ta a haɗi na gaba bayan kin tace. Da ita nake samun nawa ya nuna da wuri. Tawa ta yanzu na riga na yanka ta biyu, rabi na wajen tsohuwar nan, rabi na jiran mangwaro ya shigo kasuwa in gwada da shi.