Yadda Ake Ɗaura Jinga da Buhunan Ƙasa Kafin Kogi Ya Cika

A kwarin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, kogi yakan tumbatsa ne a Agusta da Satumba. A lokacin ne ruwan sama ke haɗuwa da wanda ke gangarowa daga wajen madatsun Tiga da Challawa, ga kacala, doguwar ciyawar da ke tsirowa cikin ruwa, ta cushe hanyoyinsa. Ambaliyar 2022 ta nuna irin ɓarnar da hakan ke yi. Saboda haka a gama aikin jinga tun Yuni ko Yuli, ƙasa na da sauƙin haƙa.

Da farko a bi bakin gari tare da dattawa, su nuna inda ruwa ya saba shigowa da inda ya tsaya a bara. A share wurin tas. Ciyawa ko kara da aka bari a ƙarƙashi za su ruɓe su zama hanyar ruwa. Sai a haƙa ɗan rami mai zurfin buhu ɗaya tsawon layin da jingar za ta bi, domin sahun farko na buhuna ya zauna a ciki.

Wurin cika buhu ne aka fi yin kuskure. Kada a cika shi maƙil. Rabi, ko kashi biyu cikin uku, ya isa, domin buhun da ya cika ba ya kwanciya, yakan bar kafa tsakaninsa da na kusa. A naɗe bakin a ƙarƙashinsa, a ɗora na gaba ya hau kan naɗin, a tattake da ƙafa har ya baje. Sahu na biyu ya rufe mahaɗar na farko, kamar yadda magini ke jera bulo. Faɗin gindi ya ninka tsayi sau uku: jinga mai tsayin mita 1 tana son gindin mita 3. In akwai leda mai kauri, a shimfiɗa ta ta ɓangaren ruwa, a danne sama da ƙasa da buhuna.

Ƙasar cikawa a ɗebo ta daga nesa. Wanda ya haƙa a gindin jinga ya raunana ta da hannunsa.

Ruwa na fara hawa, a kafa sanda mai alamomi a bakin kogi, a raba matasa gadi dare da rana, da tocila da usur ko ganga. Su riƙa duba bayan jingar. In ruwa mai haske ne ke tsattsafowa, a sa ido kawai. In kuwa ya fito da laka yana ɓuɓɓuga, to yana cin ƙasa ne ta ciki. Kada a toshe bakin, zai fashe ta wani wuri. A kewaye shi da buhuna har ruwan da ke ciki ya taru ya daina fitar da laka.

Duk da haka jinga tana iya karyewa. Tun kafin a kai ga haka a kwashe hatsi daga rumbu, iri da takardu a ƙulle cikin leda, a kora dabbobi tudu. Tsofaffi, yara da masu juna biyu su fara fita, da rana, kuma kada a yi wa kwale-kwale lodi fiye da ƙima. Ɗakin ƙasa da ruwa ya jiƙa gindinsa kada kowa ya kwana ciki, daga ƙasa yake zubewa. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, sai an tafasa ruwanta kafin a sha, saboda kwalara.