Yadda Ake Tara Tsofaffin Kayan Soja da Tantance Na Gaskiya

Kaduna garin soja ne tun zamanin Lugga, shi ya sa gidajen 'yan mazan jiya ba sa rasa lambar yabo, bajo ko littafin sallama a ƙasan adaka. Akasarinsu a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa, a auna su a sikeli a Panteka. Mai son tarawa sai ya fara daga gida da dangi, sannan tsofaffin unguwa, kasuwa ta zo daga ƙarshe, domin abin da ya fito daga hannun iyali da labarinsa yake zuwa.

Da farko ka zaɓi zamani guda ka san shi sosai. Akwai yaƙe-yaƙen Turawa na cin ƙasar Arewa, da Yaƙin Duniya na Farko da aka kai sojojinmu Kamaru da Gabashin Afirka, da yaƙin Bama na lokacin yaƙin Hitila, da aikin kiyaye zaman lafiya na Kwango na farkon shekarun 1960, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Na Bama ya fi sauƙin samu, kuma shi ya fi dacewa da sabon shiga. Kayan aiki ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, rula mai milimita, maganaɗisu, buroshin haƙori mai laushi, da littafin rubutu.

Idan lamba ta shigo hannunka, kafin fuskarta ka duba bakinta. Lambobin Yaƙin Duniya na Farko masu zagaye, faɗinsu milimita 36, an buga lambar soja, muƙami, suna da rundunarsa a kewayen bakin da manyan baƙaƙen boko. Haka ma lambar azurfa ta hidimar Afirka da aka ƙirƙiro a 1902, wadda ake maƙala wa ɗan ƙarfe a jikin ƙyallenta. Wanda aka rubuta wa "N. Nigeria 1903" na shekarar da aka ci Kano da Sakkwato ne, na 1906 kuwa shekarar yaƙin Satiru. Irin waɗannan ba su da yawa, don haka su aka fi yi wa algus. Dabarar da aka saba ita ce a goge sunan asali da magagari a sassaƙa wani. Auna faɗin lambar ta fuskoki biyu ko uku. In wani gefe ya gaza sauran, ko bakin ya yi siriri a daidai wurin rubutun, an taɓa ta.

Lambobin yaƙin Hitila masu siffar tauraro daban suke. Ingila ta raba su ba suna, bayansu a shafe. Tauraron Bama mai tsini shida ne, na tagulla mai ruwan ɗorawa, faɗinsa milimita 38, da kambi da haruffan Sarki Joji na shida a tsakiya. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Na gaskiya bugawa aka yi da inji, haruffansa tsaf, tsininsa da kaifi. Na jabu zubi ne: a gilashi za ka ga ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe, haruffan kuma sun yi dagwalgwalo. Kanga maganaɗisu, in ya kama, mayar wa mai shi, domin azurfa da tagulla ba sa kamuwa. Wasu kwafin ma an buga musu "COPY" ƙarami a baya.

Tunda tauraron ba suna, takarda ce kaɗai ke haɗa shi da mutum. Littafin sallama, hoton soja cikin kaki, takardar fansho, duk ka nema tare da lambar, kada kuma ka yarda a raba su. Dillali zai so ya sayar ɗai-ɗai don riba, amma lambobi uku na mutum guda da takardunsa sun fi goma marasa asali daraja. Don neman ƙarin haske kan zamanin ana iya leƙa Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko Gidan Arewa, kuma tsofaffin ƙungiyar 'yan mazan jiya sukan gane bajo da ganin farko.

Bajon hula da maɓallan rundunar Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAFF, bishiyar kwakwa ke jikinsu. A 1928 aka ƙara wa sunan rundunar harafin R a gaba, saboda haka WAFF ya girmi RWAFF. A duk abin da ke ɗauke da kambi, dubi samansa: mai tudu kamar ƙubba na zamanin sarakuna maza ne, 1902 zuwa 1952, wanda ya lotsa a tsakiya na Sarauniya Elizabeth ne, daga 1953. Bajon kafaɗa na yadi kuwa, baƙin gizo-gizo a kan ruwan ɗorawa na Runduna ta 81 ne, mashi biyu gicciye da gammo na ta 82. Su biyun suka yi Bama, daga can ne ma barikin Kalapanzin ya samo sunansa. Hular kwano, ɗamara da jakar kaki, leƙa cikinsu: sau da yawa akwai hatimin masana'anta, shekara, da alamar kibiya ta kayan gwamnatin Ingila.

Ɓarnar da ta fi yawa daga masu kyakkyawar niyya take fitowa. Kada a goge lamba da Brasso, toka, tsamiya ko lemon tsami. Ƙyallin kwana biyu ne, amma ya cinye zanen da ake tantancewa da shi. Buroshi busasshe ya isa. In datti ya kafe, ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a kare ƙyallen, a tsane nan take. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe a bar shi. Laimar damina ke sa tagulla tsanwa, don haka a naɗe kowace lamba daban a farin yadin auduga, a sa cikin akwati da 'yan ƙunshin shanye laima irin na kwalin takalmi. Kaki da jar dara a sa musu kafur saboda asu, a nisanta su da rana. Kowane abu a ba shi lamba a littafi: daga ina ya fito, yaushe, me iyalin suka faɗa.

Harsashi, gurneti ko ƙwanson bom da ba ka tabbatar fanko ba ne, ba kayan tarawa ba ne. Tsufa ƙara musu haɗari yake yi. Kada ka ɗaga, kada ka kai wa mai walda, sanar da 'yan sanda. Bindiga ko ta yi tsatsa tana ƙarƙashin dokar makamai, sanya kakin soja ga farar hula laifi ne, kuma kafin ka aika wani abu ƙasar waje ka tuntuɓi ofishin hukumar gidajen tarihi da ke titin Ali Akilu kan batun izini.