Notepad ko Word: Yadda Za Ka Zaɓi Wanda Ya Dace da Aikinka

Kafin ka fara buga rubutu, ka tambayi kanka wanda zai karanta fayil ɗin: mutum ne ko na'ura? Amsar ita ce za ta nuna maka manhajar da za ka buɗe.

Manhajojin rubutu zalla, irin su Notepad, Notepad++ da nano, haruffa kaɗai suke adanawa. Ka rubuta "gida" a Notepad ka ajiye a .txt, girman fayil ɗin bait 4 ne cif (bait shi ne ma'aunin girman fayil). Babu kauri, babu launi, babu hoto. Salon harafin da kake gani a allo na manhajar ne, ba ya bin fayil ɗin zuwa wata kwamfuta.

Word da LibreOffice Writer kuwa suna haɗa rubutun da bayanin kwalliyarsa. Gwada ka gani: kwafi wani fayil na .docx, ka sauya ƙarshen sunansa zuwa .zip, ka buɗe. Za ka tarar da tarin fayilolin XML, wato fayilolin da ke tsara bayanai don manhaja ta karanta, rubutunka yana cikin wanda ake kira document.xml, sauran na salo ne da saiti. Shi ya sa kalma ɗaya a Word take cin dubban bait.

Don haka takardar neman aiki, rahoto mai tebur da lambar shafi, duk abin da za a buga a takarda, na Word ne. In ka gama, ka fitar da shi a PDF don kada tsarin ya wargaje a hannun mai karɓa.

Lambobin shirye-shiryen kwamfuta, shafin HTML (wato shafin intanet) da fayilolin saiti kuwa, kada ka kusance su da Word. Dalili shi ne yana yi maka gyaran da ba ka nema ba. Yakan mayar da miƙaƙƙiyar alamar zance (") lanƙwasasshiya, ya girmama harafin farkon layi, ya haɗe karan ɗori biyu su zama dogo ɗaya. A ido bambancin ba ya da yawa, amma Python, wani harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, zai ƙi aiki saboda alama ɗaya tak, kuma sabon mai koyo yakan daɗe yana neman kuskuren da ba shi ya yi ba.

Rubutu zalla ma yana da nasa tarkon, kuma wannan ya fi shafar mai rubutu da ƙ, ɗ da ɓ. Waɗannan haruffa bait 2 kowanne yake ci a UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san su. Lokacin adanawa a Notepad, ka duba akwatin Encoding da ke ƙasa, ka tabbatar UTF-8 ne. Idan ANSI ne, wato tsohon tsarin, haruffan za su iya komawa alamar tambaya ko su rasa lanƙwasarsu, kuma da zarar ka rufe fayil ɗin ba sa dawowa. Tun 2019 Notepad ya mayar da UTF-8 zaɓinsa na farko, amma tsofaffin fayiloli suna nan da tsohon tsarinsu.

Sai maganar suna. Idan ka ajiye index.html, ka zaɓi All files a nau'in fayil, ka kuma kunna nuna ƙarshen suna a Windows, don ka tabbatar bai zama index.html.txt ba. Burauza ba za ta buɗe wannan a matsayin shafi ba.

Masu Mac su lura, TextEdit, manhajar rubutu ta Mac, da rubutu mai kwalliya yake farawa. Danna Shift, Command da T tare kafin ka soma, don ya koma rubutu zalla.

Rubutun da ka kwafo daga intanet yakan zo da launi da girman da ba ka so. Ka fara liƙa shi a Notepad, ka sake kwafowa, sannan ka kai Word. Haka kuma duk .docx da ka mayar .txt zai rasa hotuna da layukan teburinsa, saboda haka ka riƙe asalin a gefe.