Yadda ake kayar da bosawa takwas na Mega Man 2 a ƙarasa gidan Dr. Wily

Kamfanin Capcom ya fitar da Mega Man 2 a Japan a watan Disambar 1988 da sunan Rockman 2, ya isa Amurka a 1989 a kan na'urar NES. Kana sarrafa wani ɗan mutum-mutumi shuɗi mai suna Mega Man, gabanka akwai bosawa takwas, wato manyan abokan gaba, da mugun masani Dr. Wily ya ƙera, kowanne da zangonsa, kuma kai ne mai zaɓar wanda za ka fara da shi. Duk wanda ka kashe, makaminsa ya zama naka. Yawancin masu makalewa a wasan nan sun shiga zango ne tun ba su samo kayan da zangon yake buƙata ba. Saboda haka tsarin bi da bi shi ne rabin aikin.

Kafin ka danna komai

Hanya mafi sauƙi ta samun wasan yau ita ce Mega Man Legacy Collection, tarin da ya fito a 2015 ɗauke da wasanni shida na farko, akwai shi a kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One da Switch. Ka nemi hannun gem na gaske. Buga wannan wasa da shafa fuskar waya wahalar da kai ne, don yatsa ba ya jin inda maɓalli yake. Idan a talabijin za ka buga, ka kunna yanayin wasa da ke cikin saitinsa, in ba haka ba za ka danna tsalle hoton ya makara, ka yi ta faɗawa rami kana zargin kanka.

A da tsalle, B da harbi, Start ya buɗe jerin makamai. Babu zamewa a ƙasa, sai a Mega Man 3 aka kawo ta. Babu tara ƙarfin bindiga, wannan na Mega Man 4 ne. Tsawon tsalle ya danganta da daɗewar yatsanka a kan A. Harsashi uku kawai ke iya zama a allo lokaci guda, don haka harbi daga nesa yana tafiya a hankali, idan ka matso kusa da abokin gaba sai harbin ya yi sauri.

Jininka gaɓa 28 ne, na kowane bos ma 28, haka man kowane makami. Bugun Amurka yana da zaɓi biyu, Normal da Difficult. Difficult shi ne asalin wasan kamar yadda ya fito a Japan, a Normal kuma duk bugun da ka yi wa bos yana ninkawa biyu. Lissafin da ke ƙasa na Difficult ne. Mai koyo ya fara da Normal, babu abin kunya a ciki.

Abu biyu kuma ka riƙe. Idan aka buge ka, Mega Man yana ja baya kaɗan, wannan ja da bayan shi ke jefa mutane rami fiye da komai, amma bayansa akwai ɗan lokacin da yake walƙiya babu abin da ke taɓa shi, har ƙaya yana iya takawa. Na biyu, ƙananan abokan gaba suna dawowa da zarar ka bar wurinsu ka komo. Idan jini ko man makami ya yi ƙasa, ka sami wuri marar rami ka yi ta kai da kawowa kana kashe su har su zubar da abin da kake so.

Fara da Metal Man

Zangonsa bel ne mai tafiya da guduma mai ƙaya da ke faɗowa daga sama. Ka matsa kusa da gudumar, ta faɗo, ka wuce lokacin da take komawa. Akwai gwangwanin jini mai harafin E a zangon, ka ɗauka. Huɗu kaɗai ake iya tarawa, kowanne yana cika jini fal.

Shi kansa Metal Man yana mayar da martani ne ga abin da ka yi. Ka yi harbi, ya yi tsalle ya jefo zarto. Ka matsa kusa da shi sosai, ya tsallake zuwa ɗaya gefen. To ka tsaya a naka gefen, ka yi ɗan tsalle ka harba, ka kauce wa zarto, ka sake. Idan allo ya yi walƙiya bel ya juya ke nan, ka gyara tsayuwa. Bindiga tana cire masa gaɓa ɗaya ɗaya, faɗan zai ɗan ja, amma lada ta fi wahalar: zartonsa, Metal Blade, ana jefa shi fuskoki takwas, kuma sai ka jefa huɗu kafin gaɓa ɗaya ta mai ta tafi, wato jifa 112 a ciko ɗaya. Daga nan har ƙarshen wasa shi ne bindigarka ta yau da kullum. A gaskiya ya yi wa wasan ƙarfi, amma tunda an ba ka, ka mora.

Bubble Man da Flash Man

Duka biyun Metal Blade yana cire musu gaɓa huɗu huɗu, bugu bakwai sun gama. A zangon Bubble Man cikin ruwa kake, tsalle yana kai ka sama fiye da kima, rufin kuma cike yake da ƙaya mai kisa nan take, har a ɗakin bos ɗin. Taɓa A kawai ake yi, ba a dannewa. Idan ya taso sama, ka jefa masa zarto a karkace kana tsaye a ƙasa.

Ƙasan zangon Flash Man santsi gare shi. Idan kana son tsayawa cak, yi ɗan tsalle ka saki maɓallin tafiya kana sama. Bos ɗin yana tsayar da lokaci ya watsa harsashi a miƙe, to kada ka zauna a layi ɗaya da shi a kan matakalar ɗakinsa. Za ka fita da Time Stopper da Item-3, wani dandamali mai hawa bango.

Air Man, sannan Crash Man

Makamin da ya fi cin Air Man shi ne Leaf Shield na Wood Man, gaɓa takwas kowane bugu. Duk da haka an fi so ka je masa yanzu da bindiga, saboda tana cire masa biyu biyu kuma kayan hannunsa kake buƙata a gaba. Yana jero ƙananan guguwa sannan ya huro su wajenka, guguwar kuma tana mayar da harsashi. Wasu jerin kusan ba a iya tsallake su. Kada ka ɓata jini wajen neman kaucewa duka: ka yarda ɗaya ta buge ka, ka ratsa cikin walƙiyar, ka tsaya dab da shi ka zuba masa. A zangon nasa, tsuntsayen da ke jefo ƙwai ka fasa ƙwan tun yana sama, in ya taɓa ƙasa 'ya'yan za su rufe ka. Ladarsa Air Shooter da Item-2, jirgin da ke ɗaukar ka a miƙe.

Crash Man yana tsalle duk lokacin da ka yi harbi, Air Shooter kuma sama yake tashi. Ka bari ya matso, ka harba, shi da kansa zai faɗa ciki. Gaɓa goma ne kowace guguwa, faɗan ba ya daɗewa. Zangonsa tsani ne a kan tsani. Idan aka buge ka kana kan tsani za ka saki, to ka danne sama don ka sake kamawa kafin ka koma ƙasa.

Heat Man da Wood Man

A zangon Heat Man ne ake samun dogon layin bulo masu bayyana su ɓace a kan ruwan wuta da rami. Ana iya haddace su, amma wurin da ke kashe mutane shi ne inda bulo na gaba yake fitowa daidai saman kanka: dole ka yi tsalle tun bai bayyana ba, in ka jira ka gan shi ya riga ya toshe ka. Wannan ne dalilin zuwa wurin Air Man tukuna. Ka isa bakin wurin da Item-2 cike, ka hau, ka haye. Kada ka taɓa shi kafin nan, idan mansa ya ƙare a tsakiya jirgin zai ɓace a ƙarƙashinka.

Heat Man yana jefo wuta uku da ke tashi kamar ginshiƙai. Ka buge shi da Bubble Lead, kumfar da ka samu a hannun Bubble Man, gaɓa shida, sai ya zama dunƙulen wuta ya rugo wajenka, a lokacin babu abin da ke cinsa. Ka tsallake, ya tsaya, ka juyo ka sake bugawa kafin ya jefo wutar. Sau biyar ya faɗi. Za ka samu Atomic Fire da Item-1, wani dandamali mai tashi sama a hankali.

Wood Man kuwa ganye ne ke zagaye shi suna mayar da harbi, wasu huɗu na saukowa daga sama. Ka danne B da Atomic Fire tun kana shiga ɗakin har ya cika, ka jira ya jefo garkuwar ganyen, ka tsallake ta, sannan ka saki. Cikakken tari yana cire gaɓa 14 amma yana cin mai goma, ba ka da damar kuskure fiye da kima. In ka ɓarar, koma kan Air Shooter daga kusa, huɗu huɗu yake cirewa.

Quick Man a ƙarshe

Zangonsa gangara ne, wasu manyan haskoki suna fitowa daga bango, taɓa ɗaya mutuwa. Sau biyu ake haɗuwa da su, na biyun ya fi tsawo. Time Stopper yana daskarar da su, amma idan ka kunna shi ba ya tsayawa sai mansa ya ƙare ƙaf, kuma ba ka iya harbi. Shi ne kuma yake cin rabin jinin Quick Man. Dole ka zaɓi inda za ka yi amfani da shi. Shawara ita ce ka wuce haskokin farko da ƙafa, ka sauka ɗan nisa a na biyu sannan ka kunna. Kada kwaɗayin kayan da aka ajiye a gefe ya tsayar da kai sai ka haddace hanyar. Bos ɗin bindiga na cire masa biyu, Crash Bomber, bam ɗin Crash Man, huɗu. Nan ne gwangwanin E yake da rana.

Ka rubuta alamar sirrin da wasan ya ba ka, ɗigo tara ne a kan gidaje 25. Tana ajiye bosawan da ka kashe da yawan gwangwaninka, amma ba ta ajiye inda ka kai a gidan Wily.

Gidan Wily, inda ake lissafin mai

Zango shida ne a jere, kuma man makamai ba ya cika tsakaninsu. Mutuwa ma ba ta cika shi. Sai rayukanka sun ƙare duka ka ci gaba sannan yake dawowa, a lokacin kuma gwangwanin E sun tafi.

A na ɗaya akwai ɗakin da sai ka jera Item-1 uku kamar matakala kafin ka kama tsanin da ke can gefe. Ƙarshensa dodo ne mai bin ka a kan bulo, taɓa jikinsa mutuwa. Ka tsaya a bulo na sama ka danne B da Quick Boomerang. A na biyu Item-2 ne zai haye da kai kan doguwar ƙaya, bos ɗin kuma gutsattsarin bango ne masu haɗewa, Bubble Lead ke cinsu. Na uku katafariyar tanka ce, ka hau gabanta ka ba kanta Quick Boomerang.

Na huɗu shi ne mai sa mutane ajiye hannu. Akwai daɓen bogi a kan ƙaya: ka gangara Bubble Lead a gabanka, inda ya nutse nan ramin yake. Bos ɗin bindigogi biyar ne manne a bango, wasunsu a bayan katanga, kuma Crash Bomber kaɗai ke fasa su. Kowane bam yana cin mai huɗu, wato bakwai kake da su cif: biyar na bindigogi, biyu na katangar da ba makawa sai an fasa. Sauran katangun ana zagaye su ne da Item-1 da Item-3. Ka tsaya ka karanta ɗakin kafin ka jefa na farko, kuma ka cika bam ɗinka fal tun a hanya. Bindigogin suna sauya launi kafin su yi harbi gaba ɗaya zuwa inda kake, ka motsa a daidai lokacin.

A na biyar za ka sake karawa da bosawa takwas ɗin, kowanne ya faɗi zai bar maka ƙwayar jini babba. Metal Man a nan makaminsa ne ajalinsa, zarto biyu ya gama. Wood Man ka kashe shi da Air Shooter, ka adana Atomic Fire don sashen farko na injin Wily da ke zuwa bayansu. Ka kuma yi tsimin Bubble Lead, Heat Man kaɗai za ka ba.

Dalili shi ne zango na shida. Babu abokan gaba da za ka kashe ka samu mai, sai ruwan guba mai ɗiga daga rufi, kuma bos na ƙarshe Bubble Lead kaɗai ke cinsa. Ciko ɗaya jifa 56 ne, a Difficult kana buƙatar bugu 28. Yana shawagi ne a siffar lamba takwas a kwance yana harbo ƙwaya ɗaya ɗaya. Kumfar ba ta da nisa, ƙasa take faɗawa, don haka ka jira ya sauko ƙasa-ƙasa, ka yi tsalle dab da shi ka saki ɗaya ko biyu, ka ja baya kafin jikinsa ya taɓa ka. Idan man ya ƙare bai mutu ba, babu wata dabara sai ka bar rayukan su ƙare ka sake shiga zangon da makamai cike.