Kurakuran baƙin mai da ke kashe injin motar gudu

Na gaji da ganin mutum ya zuba dukiya ya sayi motar gudu, yana wanke ta safe da yamma, amma in ka tambaye shi wane baƙin mai ne a cikin injinta sai ya ce maka "mai kyau ne, bakanike ne ya zaɓa." Injin da ke juyawa sau dubu 7 ko 8 a minti ɗaya ba ya yafe irin wannan sakaci. Kurakuran nan guda nawa ne kawai, amma kullum su ake maimaitawa.

Na farko, wanda ya fi cin injuna, shi ne maganar nan da ta zauna a kan mutane cewa mai mai kauri ya fi kare inji. Ni kaina na taɓa yarda da ita, kuma na biya kuɗinta. Littafin motata ya ce 0W-40. Wani bakanike ya ɗiga shi a yatsa, ya murza, ya ce mini, "Alhaji, wannan ai ruwa ne, mota mai ƙarfi irin wannan 20W-50 take so." Na bi shi. Wata huɗu ina tayar da mota da sassafe, in taka totur kafin mai ya yi ɗumi, har wata safiya na ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, irin wadda in ka ji ta sau ɗaya ba ka sake manta ta. Da aka kwance, faifan da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf ya cinye har jan ƙarfen cikinsa ya fito. Motar ta yi wata biyu a gareji.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne ma'anar lambobin. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai yake gudana in inji ya yi sanyi. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon saurin isarsa ko'ina bayan an murza makulli. Lamba ta biyu kaurinsa ne a zafin digiri 100 na ma'aunin Selsiyos. Injinan zamani an matse tazarar da ke tsakanin ƙarafansu ƙwarai, ga ƙananan hanyoyin mai da ke sarrafa lokacin buɗewar bawul, ga tarbo mai juyawa fiye da sau dubu 100 a minti a kan siririn shimfiɗar mai. Mai mai kauri a sanyi yana jinkirin shiga waɗannan wurare, in ka ƙara da taka wuta, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Ba wai mai kauri haramun ba ne. Kamfanin BMW da kansa ya ɗora wasu injinansa na M, irin na M3 da M5 na shekarun baya, a kan 10W-60, domin haka aka ƙera su. Amma masu ƙerawa ne suka faɗa, ba yatsan wani ba.

Kuma lambar kauri ma ba ta isa ba. Juya galan ka duba bayansa, a nan ake rubuta mizanin da kowane kamfanin mota yake nema. Porsche na neman A40 ga yawancin injinan fetur nata na da, sababbi masu matatar hayaƙi a salansa kuma C40. Mercedes na da 229.5, BMW na da Longlife-01, Corvette ta zamani tana neman dexos R. Mai biyu na iya zama 5W-30 dukansu, amma ɗaya ya fi ɗaya juriya in aka matse shi a digiri 150, wanda a nan ne ake gwada ko zai tsaya tsakanin ƙarafa lokacin da inji ke aman wuta. Mizanin Turai na ACEA A3/B4 yana neman aƙalla 3.5 a wannan gwaji. In injinka mai tarbo ne mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, nemi wanda ya kai API SP, mizanin da ya fito a 2020 don maganin fashewar fetur kafin lokaci. A kula da rubutun ma: "an amince da shi", wato kamfanin motar ne ya amince, daban, "ya dace da", wanda faɗar mai man ce kawai, daban. Ni na farkon nake saya.

Kuskure na biyu yana ba ni haushi fiye da na farko, domin masu ganin suna tattalin mota ne ke yin sa. Sai ka ji mutum na cewa, "Ai ban yi ko kilomita dubu 3 ba tun juyen bara, man sabo ne fil." Wa ya gaya maka? Motar gudu da ake ajiyewa, a fito da ita minti goma a mayar, ita ce manta ya fi saurin lalacewa. Inji mai sanyi yana shan fetur fiye da ƙima, wani ya zurare ta gefen fistin ya gauraya da mai. Tururin ruwa ma yana taruwa a ciki. Sai mai ya yi zafi sosai na tsawon lokaci kafin waɗannan su ƙone su fita, kai kuma ba ka taɓa barinsa ya kai nan ba. Ka zaro sandar gwaji ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ka sansana ka ji warin fetur, ka ce Allah ya yi wa injinka albarka ba ya shan mai. Malam, fetur ne ya tsinka manka, lambar kaurinsa ta 40 ta koma ƙasa. Sannan ranar da jini ya motsa a hau babban titi ko filin tsere da wannan gurɓataccen mai. Ta yaya inji zai rayu?

Tazarar kilomita dubu 15 ko fiye da ke cikin littafi, da kwamfutar mota da ke ƙirga maka kwanaki, an yi su ne don tuƙi na hankali a doguwar hanya. Ɗabi'ata ni ita ce juye duk kilomita dubu 7 ko shekara ɗaya, wanda ya riga zuwa. In na kai ta filin tsere mai ya haura digiri 130, ba na jira, a makon nan nake juyewa. Akwai masu cewa ɓarnar kuɗi ce, man roba na zamani ya fi haka juriya. Ba na musu da su a kan motarsu. Wanda ke son hujja ya ɗebi ɗan kwalbar tsohon man ya aika ɗakin gwaji, za a gaya masa yawan fetur, baƙin ƙarfe, jan ƙarfe da dalma da ke ciki, daga nan ya tsara nasa lokacin.

Wani kuskuren kuma shi ne taka wuta da wuri: don allurar zafin ruwa ta kai tsakiya ba ya nufin mai ya yi zafi. Ruwa yana riga shi da mintuna da yawa. Ba na wuce juyi dubu 3 sai na ga mai ya kai digiri 80.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Kada a yi juye a bar tsohuwar filta. Magungunan kwalba da ake ƙarawa a mai, bar su a kanta, man kirki ya zo da nasa haɗin. Baƙin launi ba shi ne shaidar mai ya mutu ba, sau da yawa alama ce yana kwashe datti. Bayan gudu mai tsanani a yi tuƙi a hankali na 'yan mintuna kafin a kashe inji, kada mai ya ƙone a cikin tarbo. Jabun mai kuma yana nan a galan mai kyan gani, don haka a duba hatimin murfi.

Sai masu injin da ke da tankin mai daban, irin tsofaffin motocin Porsche 911 masu sanyaya da iska. Waɗannan ana gwada mansu ne inji na aiki, ya yi zafi, mota na tsaye a wuri mai daidai. In ka gwada da sanyi za ka ga kamar babu komai, ka ƙara lita biyu, da ya yi zafi ya cika ya tumbatsa, ya bi hanyar iska ya shiga inji, ka ga shuɗin hayaƙi na bin ka a baya. Kafin ka buɗe murfin, buɗe littafin ka ga yadda ake gwada naka.