Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta wa yara labarin mayu da dodanni

Bari in fara da nawa. Na taɓa shirya wa 'yan ajina wasan kwaikwayo a wata firamare da ke Kawo, cikin garin Kaduna. Na riƙa wa mayya tsintsiya, jarumin kuma ya kare kansa da lema daga ruwan tsafinta. Ana tashi, wani uba ya ja ni gefe: "Malam, jam'iyyar lema ce ta ɗauki nauyin wasan nan?" Wallahi ban kawo komai a raina ba. Amma a ƙasar nan tsintsiya ta APC ce, lema ta PDP, jar hula kuwa ta Kwankwasiyya. Gyaran ba wuya: kafin labari ya fita, duba abin da ke hannun kowa da kansa, sannan ka ba wanda ra'ayinku bai zo ɗaya ba ya karanta.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne sunan mugu da mazauninsa. Tun rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista. Ka ce dodo yana "ƙetaren kogi", yaron Tudun Wada da na Sabon Tasha kowa zai liƙa masa fuskar wani. Ƙirƙiro gari, ƙirƙiro suna, ko ka koma wa Gizo da Ƙoƙi, waɗanda ba su da ƙabila. Manya ma sun faɗa wannan ramin. A 1964 marubucin Birtaniya Roald Dahl ya sa ma'aikatan masana'antar cakulan da ke littafinsa na yara su zama gajerun mutanen da aka kwaso daga dajin Afirka. Da suka ta yi yawa, sai ya sauya musu kamanni da asali a bugun 1973.

Masu sharhi kuma nasu kuskuren na ɗora wa marubuci niyya ne. Marubucin Amurka L. Frank Baum ya fitar da labarin Oz a 1900, ya ce a gabatarwa don faranta wa yara kawai ya rubuta shi. Sai a 1964 wani malamin sakandare, Henry Littlefield, ya fassara hanyar bulo mai ruwan ɗorawa da takalman azurfa da ke labarin a matsayin takaddamar zinariya da azurfa a kuɗin Amurka. Fassarar ta zauna daram, amma Baum ya rasu tun 1919, ba wanda ya ji haka daga bakinsa. Don haka rubuta "ana iya karanta shi haka", kada ka rubuta "abin da ya nufa ke nan".